Babi na Shida: Awo Kafin Wuƙa

Babu likitan da ya san aikinsa da zai yarda a sa wa mutum maganin barci bai san yawan jinin da ke jikinsa ba. Shi ya sa kafin a kai ga ɗakin tiyata ake miƙo wa mai jinya wata 'yar takarda da aka jera mata awo: yawan jini, rukuninsa, ko yana saurin daskarewa in an yi yanka, sukari, aikin ƙoda. In mace ce a duba ko tana da juna biyu. In mai shekaru ne a ƙara da hoton ƙirji da awon bugun zuciya. Ko ƙari za a cire, ko ƙaba za a ɗinke, ko tumbi za a rage don ado, jikin da za a yanka ɗaya ne, takardar ma kusan iri ɗaya ce. Wurin biya ne ake rabuwa.

A ƙasashen da inshorar lafiya ta kafu, ƙa'idar ita ce awo yana bin aikin da aka yi shi dominsa. In asusu ya ɗauki nauyin aikin, ya ɗauki na awon. In ya ƙi aikin, to har allurar da aka ɗebi jini da ita mai jiki ne zai biya. Faransa, wadda Nijar ta gaji yawancin tsarin asibitinta daga wurinta, ta shata layin a fili. Asusun lafiya na ƙasa yana biyan gyaran da cuta ko haɗari ko nakasar haihuwa ta jawo, kamar matar da aka cire wa nono saboda sankara, ko jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko wanda wuta ta ƙona. Wanda kuwa hancinsa lafiya lau yake, bai dai yi masa ba ne, shi zai biya mai yanka, ya biya mai sa barci, ya biya ɗakin awo, kuma kwanakin da zai yi yana jinya a gida ba a rubuta masa su a hutun rashin lafiya. Tun 1994 dokar ƙasar ta wajabta a ga likitan barci kwanaki kafin duk wani aiki da aka shirya. Dokar 2002 ta tilasta wa masu tiyatar ado su ba mutum lissafin kuɗi a rubuce, daga baya aka gindaya kwana 15 na shawara da zuciya kafin a taɓa shi. Hukuma tana tsaron ransa, amma ba ta buɗe masa asusun jama'a. Najeriya ma haka ta yi: hukumar NHIS da ta fara aiki a 2005, wadda dokar 2022 ta mayar da ita NHIA, ta sa tiyatar ado a jerin abubuwan da ba ta biya.

Ni ban ga laifin wannan ba. Inshora adashi ce ta masifa: kowa yana zubi, sai dai ba a kwasa bi da bi, wanda ƙaddara ta faɗa wa ne yake ɗauka. Ran da aka bar wanda ya zaɓi wuƙa da kansa ya kwashi kuɗin, masu zubi za su watse. Ana samun masu wayo da ke roƙon likita ya rubuta awon da sunan wani ciwo don kamfani ya biya, likita kuma in yana jin nauyin mutum ya rubuta. Kuɗin mai ciwon ƙoda aka ci, ko da an yi shi da biro.

Kada kuma kalmar ado ta sa a ɗauka wasa ne. Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na wancan lokaci, ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a Marbella ta ƙasar Sifen bayan aikin zuƙe kitse, a 2009 kuma kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Ba kuɗin awo ta rasa ba. Yau 'yan kasuwar wannan sana'a sun shigo wayar kowa ta TikTok da Instagram, suna kiran masu hali zuwa Legas da Abuja da Alƙahira da Istanbul, an haɗa wa mutum jirgi da masauki da awo da aiki a farashi guda. Talaka ma yana da nasa gyaran jikin, na tebur ne: man bilicin da ƙwayar sha-ka-fashe. Waɗannan babu mai yi musu awo, alhali sinadarin da ke cikin wasunsu yana tayar da sukari da hawan jini, yana sa rauni ya ƙi warkewa. Mace ta yi shekara tana sha, ran da za a yi mata aikin haihuwa ta ji kunyar faɗa wa likita.

To mu ajiye masu jirgi, mu zo Matamaye.

Garin shi ne hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram ta Nijar, kan hanyar da ta taso daga Takeita ta bi Ɗan Barto ta faɗa Daura da Kano. Zuwa birnin Damagaram kusan kilomita 90 ne, daga can zuwa Yamai kusan 900. Ƙasa ce mai fadama da rake, mai jama'a da yawa, gonaki sun tsuke saboda rabon gado. Daga wannan gunduma mafi yawan mutum 92 da suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya a Oktoban 2013 suka fito, 52 daga cikinsu yara. Wanda ya san abin da ke fitar da uwa da goyo zuwa wannan hanya ba zai tambayi wane kamfanin inshora take zubi ba.

Wa ke da abin dogaro a nan? Ma'aikacin gwamnati, a ƙa'ida hukuma tana ɗauke masa kashi 80 cikin ɗari na kwanciya asibiti da awo. Ma'aikatan manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji suna da takardar inshora. An yi dokar ƙungiyoyin taimakon juna na lafiya a 2008, amma a karkara ba su yi nisa ba. Sauran jama'a, wato kusan kowa, akuya ce inshorarsu, ko damin gero, ko ɗan da ke ci-rani a Kano ko Agadas. Tun dokar 1995 da ta biyo bayan shirin Bamako na 1987 mara lafiya yake biyan wani abu a gidan likita, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa kan lafiya a Nijar daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. Babban sauƙin da aka samu shi ne na zamanin Shugaba Mamadou Tandja: aikin haihuwa kyauta daga 2005, sannan a 2006 aka ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar. A riƙe wannan shekara biyar ɗin, za mu ci karo da ita.

Fuskokin da ke neman gyara a wannan yanki ba su rasa yawa ba. Akwai yarinyar da ta faɗa murhu da hunturu tana rarrafe, tabo ya haɗe mata haɓa da ƙirji. Akwai mai tsagaggen leɓe da aka hana zuwa makaranta. Akwai ɗan kabu-kabun da ya daki kwalta da fuska. Sai kuma cutar da ake kira noma, wadda ta sa sunan Damagaram ya shiga littattafan likitocin gyaran fuska na duniya.

Daga dasashi take farawa. Ya kumbura, ya riƙa jini, bakin yaro ya yi wari, yawu ya riƙa dalala. Sau da yawa yaron bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ba, kuma dama tamowa ta riga ta cinye shi. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura ya yi tauri, wani baƙin tabo ya bayyana, naman wurin ya mutu ya zube, a bar rami har ana hango haƙora. Wani lokaci ta tafi da leɓe, ko hanci, ko ƙashin ƙarƙashin ido. 'Yan shekara biyu zuwa shida ta fi kamawa. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma in ba magani tara cikin goma ba sa tashi. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma aikin iska ba ne, ko da yake da yawa wurin boka ake fara kai yaron, kwanakin da ake da su a hannu su ƙare a can.

Wata tawagar masu bincike daga Janeba ta zauna a jihar Damagaram daga 2001 zuwa 2006 tana kwatanta yara 82 masu noma da wasu 327 sa'o'insu na ƙauyuka ɗaya, aka buga sakamakon a 2013. Abubuwan da aka gano suna tafe da haɗarin kamuwa: tsumburewa da rama, ciwon ƙirji ko gudawa a watannin baya, uwar da ta yi ciki da yawa, da canjin ƙwayoyin halittar da ke zaune a baki. Akwai wani abu guda da ya tsaya mini a rai, wato gidan da babu kaji ya fi haɗari. Ba wai kaza magani ce ba. Gidan da ko kaza babu ya riga ya sayar da duk abin da zai sayu.

Wanda ya tsira, tabo ne ke karɓar aikin. Yayin da ramin ke warkewa naman yana janyewa yana taurara, har muƙamuƙi ya kafe. Wani lokaci ƙashin sama da na ƙasa ma su haɗe. Yaro ya girma bai iya buɗe baki ba, sai kunu ta gefen haƙori, magana ta hanci, yawu bisa riga, ƙyalle a fuska in za a fita. Ko wane ma'auni aka ɗauko, na Faransa ko na Najeriya, wannan gyaran lalura ne, babu mai ce masa ado.

Malamai ma sun daɗe da shata wannan layi, kuma ya kamata a riƙa faɗa a masallatan ƙauye, don akwai iyayen da ke jin taɓa fuskar yaro ja da hukuncin Allah ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya, ga shi kuwa zinariya haramun ce ga maza. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa yadda take ko ta kawar da aibi na haihuwa ko na ƙuna da haɗari, ta hana wadda ake yi don sauya lafiyayyar halitta saboda son zuciya. Malami da mai inshora ba su cika haɗuwa a hanya ba, amma a nan sun haɗu.

Ita tiyatar kanta akwai masu yi kyauta. Gidauniyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Lozan ta Suwizalan a 1980, tana da cibiyar masu noma a Damagaram tun 1992. Tana karɓar yara, ta ciyar da su, ta kai su Yamai in tawagar likitoci ta zo, mafi wuyar aiki kuma a kai asibitin jami'ar Janeba, inda Denys Montandon da Brigitte Pittet suka yi shekaru suna wannan aiki. Ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta Jamus tana aiki a Yamai, asibitin yara na CURE da aka buɗe a can a 2010 yana ɗinke leɓe yana sakin tabon ƙuna. A Sakkwato akwai asibitin noma na musamman tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana dafa masa tun 2014.

Abin da mai kallo daga nesa ba ya gani shi ne ba ranar da yaro ya iso ake yi masa aiki ba. Ana fara ɗora shi a sikeli. A auna jini, a nemi zazzaɓi, a kashe tsutsar ciki, a wanke baki, a cire haƙoran da suka ruɓe. A sa ma'auni tsakanin haƙoran sama da na ƙasa a ga milimita nawa bakin ke buɗuwa, in hali ya yi a ɗauki hoton sikana a ga ko ƙashi ya haɗe. Likitan barci ya fi kowa damuwa da wannan, domin bututun numfashi ta baki ake zura shi, ga baki a kulle. Sai ya bi ta hanci da wata siririyar igiya mai ido, in ta ƙi a huda maƙogwaro. Mai yanka kuma fata zai ɗebo daga goshi ko ƙarƙashin haɓa ko ƙirji ko baya ya toshe ramin, fatar nan kuwa sai da jini mai kyau take kamawa. A jikin da tamowa ta ci, baƙi take yi ta mutu, yaro ya tashi da rami biyu maimakon ɗaya. Saboda haka in awo ya nuna jini ya yi ƙasa, maganin da ake rubutawa abinci ne, makonni ko watanni ana ciyarwa, a sake awo. Bayan aiki ma da sauran tafiya: ana jera 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su tsakanin haƙora, yau a ƙara ɗaya, jibi a ƙara wani, don kada bakin ya koma ya kulle. Yaro yana kuka, uwa tana kawar da kai.

A Turai da Amurka kukan masana shi ne awon ya yi yawa. Wani bincike da aka buga a 2000 kan aikin yanar ido sama da 19,000 ya nuna waɗanda aka yi wa awon al'ada da waɗanda ba a yi wa ba duk ɗaya suka tashi, hukumar NICE ta Ingila kuma a 2016 ta ce lafiyayyen mutum da za a yi wa ƙaramin aiki ba ya buƙatar jerin awon nan. Gaskiyarsu, ƙoshi ake aunawa. A Nijar binciken lafiyar iyali na 2012 ya sami ƙarancin jini a jikin kusan uku cikin huɗu na ƙananan yara, ga amosanin jini da ke iya tashi a kan gadon tiyata in iska ta yi wa jiki kaɗan. A nan ɗigon jinin da aka ɗiba a yatsa kusan kullum yana da abin faɗa. Inda awon ya fi amfani, nan ne kuma babu mai biyansa.

Yanzu shekara biyar ɗin nan. Noma tana kama yaro yana cikin shekarun kyauta, ko yana bakin fita. Ba a gyara sai tabo ya gama zama, aƙalla shekara guda, manyan ayyuka kuma akan jira yaro ya ƙara girma. Ƙuna ma haka, da rarrafe ake yin ta, da tasawa ake neman sakin tabon. Wato daidai lokacin da gyara ya yi, hukuma ta riga ta cire hannu. Wanda ya shiga hannun ƙungiya mai tsari ya huta, ita ke ɗaukar awo da abinci da masauki. Amma kafin ya shiga fa? Da wanda ciwonsa bai faɗa cikin abin da ƙungiyar ke yi ba, da budurwa 'yar ashirin da ta girma a bayan ƙyalle?

A kwatanta uwa daga wani ƙauyen Kance da ta ji a rediyo likitocin gyara za su zo. Ta sayar da 'yar akuya ta biya mota, ta iso da 'yarta mai shekara bakwai, yatsun hannun dama a manne tun ƙunar yarinta. Majo, wato ma'aikacin jinya, ya miƙo mata takarda ya nuna mata tagar biya.

"Majo, ai cewa aka yi kyauta ne."

"Inna, aikin kyauta ne. Analiz ɗin ne sai kin biya, yarinyar ta wuce shekarun kyauta."

Ta kwance bakin zane ta ƙirga. Jika-jika ne, ba wani tashin hankali ga mai albashi, amma kuɗin motar komawa ne. In ta biya aka ce jinin ya yi ƙasa, a je a ciyar da ita a dawo bayan wata biyu, to likitocin sun tafi, akuyar ma ta tafi. Majo bai yi ƙarya ba, bai kuma ci kuɗin kowa ba. Na'urar awo tana son sinadari, sinadari kuma da kuɗin tagar nan ake sayensa. Irin wannan uwa ba ta shiga lissafin kowa: ƙungiya tana ƙirga waɗanda ta yi wa aiki, asibiti yana ƙirga waɗanda suka biya.

A watan Agustan 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rage rabin kuɗin ganin likita da kwanciya da awo da hoto da tiyata a asibitocin gwamnati, daga 1 ga Satumba, ta kuma sa haihuwa kyauta. Sauƙi ne na gaske, kuma ya taɓa awo kai tsaye. Sai dai tarihin kyautar 2006 yana sa mutum ya yi a hankali da murna. Tsarin shi ne asibiti ya yi magani, ya aika takarda, hukuma ta biya shi daga baya, biyan kuma ya riƙa makara har bashin ya kai biliyoyin sefa. Ɗakunan magani suka bushe, kyautar ta koma takardar da ake rubuta wa uwa ta je ta saya a waje. An kafa cibiyar INAM don ta riƙa wannan biya. In rabin da aka yafe bai dawo wa ɗakin awo daga baitulmali a kan lokaci ba, za a sami farashi mai sauƙi a jikin bango, a ce wa mutum babu sinadari.

A ganina gyaran da ya fi kusa ba ya buƙatar jiran inshorar kowa da kowa. Jerin kyauta na Nijar ya riga ya san ware ciwo ba tare da duba shekaru ba, haka aka yi wa aikin haihuwa da sankarar mata. Ana iya sa noma da tabon ƙuna da tsagaggen leɓe a wannan layi, a rubuta ƙarara cewa awon kafin aiki da abincin da awon ya wajabta suna ciki. Hujja ta samu tun 15 ga Disamba 2023, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Masu ciwon ba su kai yawan da za su karya asusu ba, kuma babu wanda zai ƙirƙiro ramin kunci don ya ci kuɗin hukuma.

Akwai kuma awon da ba ya cin ko dala. Duk yaron da aka kawo gidan likita da tamowa ko ƙyanda, a ɗaga leɓensa a dubi dasashi. In an ga jini da wari a wannan mataki, wanke baki da ruwan gishiri, da amoxicillin da metronidazole, da abinci mai gina jiki suna tsayar da ciwon kafin ya huda kunci. Yaron yana cikin shekarun kyauta, don haka doka ta riga ta ce a ba shi, in akwai maganin a kanta ranar da uwarsa ta zo.